Girki a gida ko sayen abinci a waje, wanne ya fi wa mai ƙaramin albashi?

Ɗan Badariya:
Assalamu alaikum jama'ar gida, iyayena da yayyena shawara nake nema. An turo ni aiki Birnin Kebbi, ɗaki ɗaya na kama a Badariya ni kaɗai, kuma tun zuwana komai saye nake yi, safe shayi da biredi wurin mai shayi, rana shinkafa da miya wurin masu abinci na bakin ofis, dare kuma Indomie ko tuwon saye. Albashina bai wuce mafi ƙaranci ba, dubu 75 ɗin nan da gwamnatin jiha ta amince da shi a 2024 sai ɗan abin da ya hau kai, kafin wata ya raba tsakiya na fara lalube. Wasu na ce min in sayi tukunya in fara girki da kaina, wasu na cewa da tsadar gas ɗin nan duk ɗaya ne, wahala kawai zan ƙara wa kaina. Don Allah waɗanda suka san kan abin, da gaske girki a gida ya fi sauƙi ga mutum ɗaya? In haka ne da me zan fara, don ko shinkafa ban taɓa ɗorawa ba.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ya fi sauƙi wallahi, amma fa sai in ba sayen ɗai-ɗai za ka riƙa yi ba. Wanda kullum zai je shago ya auno shinkafar dafawa ɗaya, ya sayi mai ƙulli ɗaya, tumatir kashi ɗaya, to wannan shi da mai sayen faranti kusan tafiyarsu ɗaya. Ranar da albashi ya shigo ka tafi babbar kasuwa ka auno shinkafa da wake da kwano, man gyaɗa da manja kwalba-kwalba, albasa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, gishiri, duk waɗannan ba sa lalacewa ko babu firij. Tukunya biyu sun ishe ka, ludayi, wuƙa, matsami, da bokiti mai murfi na ajiyar hatsi saboda ɓera. Ka fara da garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, ba a yi wanda ya kasa shi ba.

Ɗan Kasuwar Jega:
Anti ki yi haƙuri ni ban yarda ba. Maganarki daidai ce ga mai iyali, amma mutum ɗaya? Mai abincin nan buhu take saye, itace kaya guda, tukunya ɗaya ta dafa wa mutane da yawa, shi ya sa farantinta ke zuwa da sauƙi ko bayan ta cire ribarta. Shi kuma zai kunna wuta don cikinsa kaɗai, in ya dafa kaɗan ya yi asarar wuta, in ya dafa da yawa ya lalace, ga zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu miya tun safe kafin la'asar ta fara kumfa, wutar lantarki kuma ba tsayawa take ba balle a yi zancen firij. Sannan ku sa lokaci a lissafi, mutum ya taso aiki a gajiye ya zo ya hau tsintar wake da wanke-wanke. Kuma matan nan masu sayar da abinci da yawansu zawarawa ne da masu riƙon marayu, in kowa ya koma tukunyarsa su ci me?

Uwar Biyu:
Malam ba wanda ya ce a daina saye gaba ɗaya. Na rana yana ofis dole ya saya, ai cinikinsu na nan. Safe da dare nake magana. Kuma ka duba farantin da kyau, shinkafar da ake zuba maka a ciki nawa ce in ka auna ta ɗanya? Kuɗin faranti biyu zuwa uku zai auno maka abin da za ka ci kwana da kwanaki.

Baba Na Argungu:
Ɗana mai tambaya, Allah shi yi maka albarka da ka yi tunanin wanga abu tun da wuri. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yaro na zaune cikin Kabi, ƙasar shinkafa, amma shina sayen shinkafa cokali-cokali kamar baƙo. Nan Birnin Kebbi anka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, Buhari da kansa ya zo, a 2016 kuma munka ga shinkafarmu ta tafi Legas da sunan Lake Rice, ga injinan casa manya nan Argungu da Birnin Kebbi. Fadamar ga tun daga Augie, Argungu, har Bunza da Suru noman damina da na rani duka ake yi. To sirrin shi ne lokaci. Ka saye lokacin kaka sadda manomi ya kawo kasuwa shina neman kuɗi, ko sadda ta rani ta shigo, kada ka bari sai tsakiyar damina sadda rumbuna sunka yi ƙasa. Haka albasa, in ta Aliero ta fito da rani ka saya da yawa ka baza ta inda iska ke shiga, ban da cikin leda. Kuma ka sayi 'yar gida wadda mata sunka gumma, ta fi ta kamfani rangwame kuma ta fi auki. Abin da ke korar yara daga gare ta tsakuwa ce, alhali maganinta regaya. Ka zuba ta a ƙwarya ko kwano mai faɗi da ruwa, ka riƙa juyawa a hankali kana karkatawa, shinkafa na gangarawa ɗaya kwanon, tsakuwa mai nauyi na zama ƙasa. Ka maimaita, shi ke nan.

Sarkin Samari:
Ni fa duk wannan dogon lissafin ban ga amfaninsa ba. Namiji da gemunsa ya tsuguna gaban murhu yana fifita wuta maƙwabta na kallo? Abokina ka yi aure kawai, shi ne maganin matsalarka. Girki aikin mata ne, haka muka taso muka gani.

Malama Nas:
Sarkin Samari, wanda albashinsa bai kai shi ƙarshen wata shi kaɗai ba kake ce wa ya ɗauko ɗiyar mutane? Da me zai ciyar da ita? Kuma wannan magana ta cewa aikin mata ne ita ce ke jawo abin da muke gani a asibiti. Mace ta haihu ko an yi mata aiki, an kwantar da ita, in ba ta da 'yar'uwa kusa sai ka ga yara a gida sun koma biredi da ruwan leda, miji yana tsaye da ƙarfinsa da kuɗinsa amma bai iya dama kunu ba, ita kuma tana kan gado hankalinta na gida, wata ma ta matsa a sallame ta tun ba ta warware ba don kawai ta je ta ɗora tukunya. Wallahi abin yana ci min rai. Ni 'ya'yana maza duk suna shiga kicin, wanda bai kai tuƙa tuwo ba ya yanka albasa.

Ustazun Gwandu:
Ɗan'uwa Sarkin Samari a yi hattara da mayar da al'ada addini. Ya tabbata a Bukhari an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. To wa ya fi shi daraja? Kuma mu duba garinmu ma, mai shayi namiji ne, mai tsire da mai balangu maza ne, mai gasa kifi a bakin gulbi namiji ne, fatake da masunta da makiyaya in sun yi nisa da gida wa ke dafa musu? Ba wanda ya taɓa ce musu sun zubar da girma. Sai in mutum ya dafa wa kansa ko matarsa ba ta da lafiya ne abin zai zama kunya?

Sarkin Samari:
Malam waɗancan sana'a ce suke yi, daban ne. Amma na ji hadisin, ba ni da ja a kansa. Ni dai har yanzu ina ganin in akwai mace a gida lafiyarta ƙalau ba dalilin da zai kai ni murhu.

Malama Nas:
Ba a ce ka karɓe mata ba, ka iya kawai, ranar buƙata na zuwa.

'Yar Gusau:
Ku bar zancen waye zai dafa, ku zo zancen da me za a dafa, don a wurinmu nan ne gizo ke saƙa. Itace da muke rainawa a da, yanzu shi ma ya zama abin lissafi, saboda masu shiga daji su saro ba kowane daji suke iya shiga ba, kowa ya san halin da ake ciki a Zamfara, ga kuɗin mota da ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, komai da ake ɗaukowa daga ƙauye ya bi shi. Kananzir kuwa an daɗe da barin shi, risho na nan a ƙarƙashin gado ya yi tsatsa. Ni abin da na zauna a kai shi ne haɗawa, abu mai sauri kamar shayi, taliya, ɗumame da suya a gas, abu mai cin wuta kamar wake da ganda da tuwo a gawayi. Kuma wake in ka jiƙa shi tun dare da safe ba ya ɗaukar lokaci, ka rufe tukunya da murfi mai kamawa, in ta tafasa ka rage wuta, don ruwan da ke tafasa da ƙarfi bai fi mai tafasa a hankali zafi ba, gas ɗinka kawai kake ƙonawa. Wata dabara da na koya wurin kakata, in shinkafa ta kusa tsotsewa ka sauke ka naɗe tukunyar da tsohon bargo ka ajiye, da zafinta za ta ƙarasa kanta.

Malama Nas:
Tunda an zo kan wuta, ƙanena mai ɗaki ɗaya ka saurare ni da kyau. Kada ka kuskura ka shiga da kurfoti mai gawayi cikin ɗaki ka rufe ƙofa da taga, musamman lokacin hunturu da mutane ke yi don jin ɗumi. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji ciwon kai da kasala ya ce bari ya ɗan kwanta, daga nan sai dai labari. A waje ake girkin gawayi ko a baranda. Hayaƙin itace ma ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 3.2 ne suka mutu a shekarar 2020 sanadin gurɓatar iskar cikin gida, mafi yawa daga hayaƙin girki, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙa. In gas ka saya, ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 ta ishe ka, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ka ga kumfa na tashi yoyo take, kada ka gwada da ashana. In ka shigo ka ji warin gas, buɗe ƙofa da taga, kada ka taɓa makunnin lantarki.

Ɗan Kasuwar Jega:
To kun ji ko, tukunyar gas, kurfoti, tukwane, bokiti, buhunan hatsi, duk daga cikin dubu 75 ɗin? Shi ne nake faɗa, mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya sayen sari, talauci kansa tsada gare shi.

Baba Na Argungu:
Nan kam ka faɗi gaskiya ɗan Jega, farkon shi ne mai wuya. Amma ba a wata guda ake haɗa kayan ba. Wanga wata tukunya da murhu, wata mai zuwa hatsi. Kuma ai ba shi kaɗai ba ne gwauro a gidan hayar, su haɗa kai su uku ko huɗu su sayi buhu guda su raba, ko su yi tukunya guda ta dare kowa da ranarsa, haka ɗalibai ke yi a Aliero da Kalgo kuma suna rayuwa.

Manomin Zuru:
Ina so in ja hankali kan wake tunda kowa na cewa a saya a ajiye. Ku kula da wanda kuke saya. Wasu 'yan kasuwa na zuba maganin ƙwari irin su Sniper kai tsaye cikin buhu don kada ya yi ƙwari, abin da ba don abinci aka yi shi ba. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Ka ɗebo ka shinshina, in ka ji wari kamar na fiya-fiya ka bar shi ko nawa ne. Waken da ka ga ɗan ƙwaro ɗaya biyu na yawo a ciki ya fi kwantar min da hankali a kan wanda ya yi wata da watanni ko ƙuda ba ya sauka a kansa. In za ka ajiye naka ba ka buƙatar magani ko kaɗan, ka shanya ya bushe ƙarau, ka zuba a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa fetur ko magani ba, ka cika ta har baki ka toshe sosai, ƙwarin iska suke buƙata, in babu sai su mutu. In da yawa ne akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki buhu a waje, aikinsu ɗaya. Masara da gyaɗa kuma in ka ga sun yi fumfuna kada ka ce za ka wanke ka ci, gubar da ke ciki wuta ba ta kashe ta kuma hanta take taɓawa.

Hajiya Inna:
Duk na karanta, kowa ya yi ƙoƙari, amma ba wanda ya koya wa yaron nan miya, kuma garau-garau kullum zai gundure shi ya koma wurin mai abinci. Ɗana ka koyi miyar kuka, ita ce rufin asirin gida, ba ruwanta da tsadar tumatir. Ka samu busasshen kifi na Yauri, ka jiƙa shi a ruwan zafi ka wanke ka cire ƙaya. Ka daka daddawa da tarugu da albasa da ɗan citta da masoro, ka zuba a ruwa tare da kifin da ɗan manja, ka bar shi ya yi ta tafasa har sai ƙamshin daddawar ya sauya, ɗanyen warin nan ya fita, nan ne mafi yawan 'yan koyo ke gaggawa miyarsu ta yi ɗaci-ɗaci. Sannan ka rage wuta can ƙasa, hannun hagu na barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan hannun dama na kaɗawa da maburgi ba tsayawa, in ka zuba da yawa lokaci guda gudaji za ta yi. Ka tsaya tun tana da ɗan ruwa-ruwa don tana ƙara kauri in ta huce. Kada ka rufe ta bayan ka kaɗa. In Allah ya hore maka man shanu ka ɗiga a kai lokacin ci. Wannan miyar da dare ka ci, da safe ka ɗumama ta da sauran tuwo, ka fita aiki cikinka da nauyi, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Uwar Biyu:
Hajiya ba ki sa Maggi ba ko mantawa kika yi?

Hajiya Inna:
Ɗiyata da gangan na bari. Ya sa ɗaya in yana so, amma in daddawa ta ji wuta ga kifi, me ya rage? Yanzu sai ki ga an murza dunƙule biyar shida a ƙaramar tukunya an kuma bi da gishiri, duk miya ɗanɗanonta ya zama ɗaya, ta kuka da ta kuɓewa da ta yakuwa ba ka bambancewa.

Malama Nas:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma dunƙulen nan mafi yawan abin da ke cikinsa gishiri ne. Abin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule da biredi da Indomie. Masu hawan jini da ke zuwa mana yanzu har da matasa. Wannan ma wani dalili ne na girkin gida da ba a sa shi a lissafin naira, kai ka san gishirin da ka zuba, ka san man da ka soya da shi ba wanda aka yi ta maimaitawa ba ne har ya yi baƙi, ka san ruwan da ka wanke ganye da shi. Ban ce duk masu abinci haka suke ba, akwai masu tsabta sosai. Sauran abinci kuma, musamman shinkafa, kada ta wuni a buɗe cikin zafi, in za ka ɗumama ka tabbata ta yi zafi har ciki tana tururi, in ta fara yauƙi ko tsami ka zubar kada ka ji tausayin kuɗinka.

'Yar Gusau:
Zancen lalacewar miya da ɗan Jega ya kawo ma akwai hanya. Da rani tumatir da tattasai na araha, ka yanka ka shanya ka samu kauɗa ta kai ka damina. Ko a niƙa a dafa shi har ruwan ya ƙone ƙurmus, a soya da mai ya taso sama ya rufe shi, wannan kana ɗumama shi safe da yamma kana ɗiba da busasshen cokali zai yi maka kwanaki ba firij.

Ɗan Kasuwar Jega:
Na karɓi zancen haɗa kai da na kauɗa. Amma ina nan kan bakana cewa wanda ke fita tun asuba ya dawo bayan isha'i, kamar mu 'yan kasuwa, saye ya fi masa. Shi ma'aikaci da ke tashi da la'asar yana da sarari, ya gwada wata biyu yana rubuta abin da ya kashe, ya zo ya faɗa mana gaskiya ko ta wa ta fito.

Ɗan Badariya:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da maƙwabcina na ɗaki na biyu, shi yana da ƙaramar tukunyar gas, mun yarda ni zan sayi tukwane da hatsi mu riƙa haɗa na dare, kuma zan rubuta lissafin kamar yadda Yaya na Jega ya ce. Hajiya saura tuwon, ya ake yi kada ya yi gudaji, kuma na shinkafa zan fara ko na masara?

Hajiya Inna:
Fara da na shinkafa, ba ya buƙatar talge. Ka ce a ba ka shinkafar tuwo, fara wadda ba a gumma ba, ban da ta dafawa don ita ba ta haɗewa. Ka wanke ka rege, ka sa mata ruwa fiye da na dafawa, ka bar ta ta dahu luguf har in ka matsa ƙwara da yatsa ta narke, sai ka tuƙa da muciya kana danna ta jikin tukunya, ka rage wuta ka rufe ya sulala kaɗan, ka sake tuƙawa, ka jiƙa mara da ruwa ka kwashe. Muciya da maburgi da mara duk wurin masu sayar da ƙore za ka same su a kasuwa, kuma ka zaɓi tukunya mai kaurin gindi don siririya kamu take yi. Na masara ka bari sai hannunka ya faɗa, in lokacin ya yi ka yi magana a nan in faɗa maka yadda ake talge da ruɗe.